Mafici Na Saƙar Kwarkwaro

Makon jiya wata 'yar makaranta ta aiko mini da takarda, ta haɗo da wani hoto da ta yanko daga tsohuwar mujalla. Hoton mafici ne irin mai naɗewa, amma maimakon takarda ko ƙyalle, sai ga wata farar saƙa mai huda-huda kamar yanar gizo an shimfiɗa bisa tsinkayensa. Ta ce ta nuna wa uwarta, uwar ta ce leshi ne aka yanka aka manna. Ta nuna wa malamarsu, ita kuwa ta ce aikin kwarashi ne. Gardama ta ƙi ƙarewa, shi ya sa ta ce in raba musu. A ƙarshen takardar kuma ta ce in dai hannu ne ya yi shi, lalle sai ta koya, ko da za ta riƙa ajiye aikin da a ke ba su daga makaranta.

To, 'yata, da uwarki da malamarki duk sun yi kusa, amma ba wadda ta faɗa daidai. Maganar ajiye aikin makaranta kuwa, ki dakata tukuna, za mu zo kanta.

Wannan saƙa ba allura a cikinta, ba ƙugiyar kwarashi. Mai kwarashi da zare ɗaya ta ke aiki. Nan kuwa zare ne barkatai, ko wanne an naɗe shi a wani ɗan itace mai kama da kwarkwaron masaƙa. A kan shimfiɗa kwali mai zane bisa matashi mai tauri, a rataya zarurrukan a jikin fil, sa'an nan a yi ta ɗaga wannan kwarkwaro ana ɗorawa bisa wancan, ana kafa fil inda zane ya nuna don ya riƙe aikin. In kin iya kitso kin san rabin zancen, gama ita ma kitso ce, sai dai da zare huɗu a ke yinta maimakon uku.

Leshin da mu ke ɗinkawa na biki kuwa wani abu ne dabam. Shi inji ne ya ke yi masa surfani bisa ƙyalle, kāna a huda ƙyallen, ko a narkar da shi da magani a bar surfanin kaɗai. Tun cikin shekarun 1960 masu injuna na garin Lustenau ta ƙasar Ostiriya suka fara kawo shi Ikko, na Suwizalan ma suka shigo ciniki, daga nan ya bazu har ya iso akwatunanmu. Suna ne kurum ya haɗa su da leshin hannu.

Asalin sana'ar daga Turai ne, ta kuwa haura shekara 450. Ta tsiro ne daga aikin masu kitsa igiyar ado da a ke bin bakin riga da ita, a Italiya da kuma Filandas, yankin da yanzu mafi yawansa ya ke cikin Baljiyam. A 1557 aka buga wani littafin zane-zanenta a birnin Fenis, sunansa Le Pompe. Wajen 1561 aka buga wani a Zurik. Mai wannan na biyu mace ce mai koyarwa, ba ta sa sunanta ba sai haruffa biyu, R.M., amma ta faɗi cewa fatake ne suka kawo sana'ar garinsu daga Fenis a 1536. A Jamus kuma, a garin Annaberg na masu haƙar azurfa, an yi wata attajira Barbara Uthmann, wadda ta rasu a 1575. Mata wajen 900 su ke yi mata aikin igiyar ado da saƙa, har gobe mutanen garin suna tunawa da ita.

Kafin a jima manyan Turai sun haukace a kan leshi, mazansu da matansu, a wuyan riga da hannun riga har da bakin takalmi. Kuɗin Ingila ya yi ta zurarewa waje saboda shi, har a 1662 majalisarsu ta hana shigo da leshin ƙasashen waje. Kin san halin mace da abin da aka hana ta. 'Yan fasa-ƙwauri ne suka ci ribar dokar.

Jiragen ruwan mutanen Fotugal suka kai sana'ar nesa. A garin Galle na Siri Lanka har yanzu mata suna yinta, suna kiranta beeralu, daga kalmar Fotugal ta kwarkwaro. A arewa maso gabashin Burazil kuma matan masunta su kan yi ta a ƙofar gida, da yawansu da ƙayar wani itace su ke kafe aikin maimakon fil. Ki riƙe wannan a ranki, don kada rashin kayan kanti ya sa ki ce ba ki iyawa.

Shi mafici mai naɗewa daga Japan ya fito, ya isa Turai cikin ƙarni na 16. Amma sai cikin ƙarni na 19 aka fi yayin ɗora masa leshi. Baƙin leshin siliki da a ke kira Chantilly a kan ɗora shi bisa tsinkayen ƙoƙon kunkuru, farin leshin Baljiyam kuwa bisa hauren giwa ko ɓawon kawa mai ƙyalli. A Faris akwai gidan masu mafici mai suna Duvelleroy, wanda aka kafa a 1827, shi ya ke yi wa matan sarauta. A unguwar Greenwich ta Landan ma akwai gidan tarihi guda da ba a ajiye kome a cikinsa sai mafici, an buɗe shi a 1991. Irin wannan mafici bai cika kore zafi ba, gama rabinsa huda ne, iska ta cikinsa ta ke wucewa. In fifita ki ke so, namu na kaba ya fi shi nesa ba kusa ba. Wannan na ado ne, na riƙewa a hannu ran biki ko na ratayewa a bango.

Yanzu kuma bari in gaya miki abin da hoton bai nuna miki ba, watau waɗanda suka saƙa irinsa.

A ƙauyukan tsakiyar Ingila da na Debon, a zamanin da, akwai abin da su ke kira makarantar leshi. Suna ne kawai makaranta. Ɗaki ne na wata tsohuwa, a tara yara a ciki tun suna shekara 5 ko 6, ko wace da matashinta, su sunkuya tun safe har yamma. Karatu kaɗan ne, wani wurin ma babu. Ba a hura wuta a ɗakin ko da sanyi ya kai ina, don kada hayaƙi ya ɓata farin zare, sai ko wace ta sa ɗan kaskon garwashi ƙarƙashin zanenta. Da dare kyandir ɗaya a ke kunnawa, a kewaye shi da kwalabe cike da ruwa, ko wace kwalba ta tara haske ta jefa shi bisa matashin mutum ɗaya. Don kada barci ya kwashe su, su kan yi waƙa suna ƙidaya fil, kamar yadda mu ke waƙar daka. Wadda hannunta ya yi sanyi ta sha bulala. Yara da yawa sun tashi da doro da ciwon ido. Bayan duk wannan, dillalin da ya ke sayen leshin sau da yawa ba ya biya da kuɗi, sai ya ce a ɗauki zare da kayan kantinsa, a farashin da shi ya yanka.

Sa'an nan inji ya zo. A 1809 John Heathcoat ya yi rajistar injin da ya ke saƙa raga mai kama da ta hannu, a 1813 John Leavers ya ƙera wani a Notingam, wanda daga baya aka gyara shi har ya iya fid da furanni. A 1816 waɗansu ma'aikata suka auka wa ma'aikatar Heathcoat da dare suka farfasa injuna fiye da 50, amma wannan bai tsai da kome ba, sai ya kwashe ya koma Tiverton ya ci gaba. Abin da mace za ta yi wata tana saƙawa, inji ya fid da shi kafin azahar. Sarauniya Biktoriya ta taimaka wa matan Debon sa'ad da ta sa aka saƙa leshin aurenta na 1840 da hannu a wani ƙauyen masunta mai suna Beer, irin leshin da a ke kira Honiton. Ta ƙaunaci leshin nan ƙwarai, har da ta rasu a 1901 da mayafin aurenta aka rufe fuskarta. Amma auren sarauniya ɗaya ba ya ciyad da ƙasa. A 1867 doka ta hana sa yaro aiki in bai kai shekara 8 ba, a 1880 aka tilasta wa yara zuwa makaranta ta gaskiya, makarantun leshi suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Matan da ba su san kome ba sai kwarkwaro suka tsufa hannu wofi.

To, 'yata, kin ji amsar maganarki. Waɗancan yara ba su suka zaɓa ba, ke kuwa kina so ki zaɓa da kanki. Ban yarda ba. Ke ma uwargida, kada ki ga 'yarki tana da hannu ki ce ga sana'a ta samu, a rage mata boko. Ba na ɓoye miki, wannan saƙa ba ta ciyad da mai yinta, don in aka lissafta kwanakin da mafici ɗaya ya ke ci, ba mai iya biyan ladansa. Inda ta rayu yanzu, don sha'awa ta rayu. A garin Idrija na Sulobeniya akwai makarantar leshi tun 1876, har yau yara suna zuwa, amma bayan an tashi daga makarantar boko su ke zuwa. A 2018 hukumar UNESCO ta sa saƙar ƙasar cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Haka za mu yi mu ma: littafi da fari, matashi daga baya, ran Asabar da lokacin hutu.

In mun shirya a kan haka, ga yadda a ke yi.

Abu na fari, tsinkayen mafici. Ki nemi tsohon mafici mai naɗewa, irin na takarda ko na ƙyalle da a ke sayarwa a kasuwa, ki jiƙa shi ki ɓare takardar a hankali, ki bar tsinkayen da ƙusarsu. Ƙarami ya fi, wanda daga ƙusa zuwa ƙarshen tsinke inci 6 ne. Kada ki naɗa zare ko ɗaya sai tsinkaye suna hannunki. Ni na yi wannan wauta. Na saƙa nawa na fari da ƙiyasi, na ce tsinke ai ba ya wuya, da na gama na zaga kasuwa ban sami wanda ya dace ba, wannan ya yi tsawo, wancan bai buɗe sosai ba. Yana nan cikin adaka har yau, ba shi ga mafici, ba shi ga wuyan riga.

Matashi kuma ba irin na barci ba ne. Ki sa kafinta ya yanko miki katako da'ira, faɗinsa inci 18, kamar babban faifai. Ki ɗinka masa jaka ta ƙyalle mai ƙarfi, ki cusa yankakkiyar busasshiyar ciyawa, kina cusawa kina kirɓawa da taɓarya har ya zama in kin danna da yatsa ba ya lotsawa, tsakiyarsa ta ɗan yi tudu. In kin sami farin kumfan nan mai tauri da a ke sako firiji ko rediyo a cikinsa, shi ma ya yi, sai dai ba ya daɗewa. Ki lulluɓe shi da shuɗin ƙyalle wanda ba ya zuba, don farin zare ya fito, ido kuma ya huta.

Kwarkwaro 40 ki ke bukata. A fere su daga itace mai santsi, tsawon inci 4, kaurin fensir, a yi wa ko wanne siririn wuya na inci ɗaya da ɗan kai a sama don kada zare ya zame. A goge su sarai, gama ƙaiƙayin itace ɗaya ya isa ya tsinka zare. Matan Ingila su kan ɗaura wa gindin nasu zoben duwatsun ado don ya yi nauyi kada ya yi ta mirginawa, samari kuma su kan sa a rubuta sunan budurwa a jikin na ƙashi su kai mata toshi. Ke ma in kina da tsakiya da ta tsinke, ga amfaninta. Zare kuwa, na Turai na dā lilin ne siriri kamar gashi, amma mai koyo ta fara da farin zaren kwarashi lamba 20 ko 30. Sai almakashi, da kwali mai santsi, da fil da yawa.

Fil ɗin nan ki lura da shi. Ki nemi na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Wata ƙawata ta bar nata aikin da fil na baƙin ƙarfe cikin watan Agusta, ta tafi suna garinsu ta yi kwana 10. Da ta komo, ko wace huda ta yi jan zobe. Ba sabulun da ba ta gwada ba.

Bibbiyu a ke naɗa kwarkwaro, zare ɗaya kwarkwaro biyu, rabi nan rabi can, mu kira su tagwaye. Ki auna yadi 4, ki naɗa 2 a wannan, 2 a wancan, duk ta fuska ɗaya, ki bar kamar taƙi guda tsakaninsu. A wuyan ko wanne ki yi ɗan zarge, yadda in kin saki ba ya warwarewa, in kin murza shi kuwa zare ya ƙaru.

Motsi biyu ne kaɗai cikin sana'ar nan duka, daga ɗan bakin hankici har mayafin sarauniya. Ki rataya tagwaye 2 a fil, ga kwarkwaro 4 a jere gabanki, ki ƙidaya su daga hagu: 1, 2, 3, 4. Ki ɗauki na 2 ki tsallakar da shi bisa na 3. Wannan shi ne gicciye. Ki sāke ƙidaya daga hagu, gama lamba ta wuri ce, ba ta kwarkwaro ba. Yanzu da hannu biyu ki ɗauki na 2 ki ɗora bisa na 1, na 4 kuma bisa na 3, gaba ɗaya. Wannan shi ne murɗi. Gicciye hagu ne bisa dama, murɗi dama ne bisa hagu, ba sa taɓa sākewa. Gicciye da murɗi su ne rabin saƙa, tana fitowa kamar raga. Gicciye, murɗi, gicciye, ita ce cikakkiyar saƙa, tana fitowa kamar ƙyallen masaƙa. Ki riƙa faɗa da baki kina yi, kada ki ji kunyar masu dariya. Kuma kwarkwaro a ke taɓawa, ba zare ba, don zufar hannu tana dafar da shi.

Kada ki fāɗa wa mafici tukuna. Ki huda layi biyu a kwali, inci ɗaya tsakaninsu, ki rataya tagwaye 5 a sama su sauko tsaye kamar zaren tsaye na masaƙa, na 6 kuwa shi ne mai yawo. Ki ratsa da shi cikin biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya da cikakkiyar saƙa, in ya kai baki ki murɗa shi sau 2, ki kafa fil, ki ja zarurruka su zauna, ya komo. Ki yi ɗan ɗamara mai tsawon taƙi biyu, rabi da cikakkiya, rabi da rabin saƙa. Na farkon zai fito kamar hanyar shanu. Na uku zai miƙe.

Zanen mafici aikin 'yan makaranta ne, nan kuwa za ki ga amfanin lissafin da ki ke so ki guje wa. Ki buɗe tsinkaye bisa takarda iyakar buɗewarsu, ki sa ɗigo inda ƙusa ta ke, ki zana gefen tsinken fari da na ƙarshe. A ce sun buɗe digiri 170. Ki kafa kamfas a ɗigon, ki ja baka ɗaya a inci 6, wata a inci 3 da rabi. Tsakaninsu shi ne filin saƙarki. Daga ɗigon ki ja layuka kamar hasken rana, digiri 2 tsakanin ko wane biyu. Sa'an nan ki cika tsakanin baka biyun nan da waɗansu, su zama 16 duka. Ga asirin: ratar da ke tsakanin baka da baka ta yi daidai da ratar layukan a wurin, don ko wane ɗan gida ya zama kusan murabba'i. Saboda haka na ciki matsattsu ne, na waje suna ƙara buɗewa. Yanzu ki sa ɗigo a mahaɗa, kina sa ɗaya kina tsallake ɗaya. A layin fari baka ta 1, ta 3, ta 5, har ta 15, a layi na biyu ta 2, ta 4, har ta 16, haka har ƙarshe. Ko wane layi ɗigo 8 ke nan, duka wajen 680. Ki manna takardar bisa kwali, ki huda ko wane ɗigo da allura a tsaye, ba a karkace ba. Kwana biyu wannan zai ci miki, kuma duk huda da ta kauce, saƙa za ta tona ta.

Ki kafe kwalin bisa matashi, ki fara daga layin fari. Fil ɗin da ke bakin ciki ki rataya masa tagwaye 1, sauran 7 ɗin ko wanne tagwaye 2. A ko wane baki, na ciki da na waje, ki ƙara tagwaye 2 waɗanda za su bi bakin su ƙarfafa shi. Tagwaye 19 ke nan, kwarkwaro 38, biyu suna ajiye don ko ta-kwana. A ko wace huda tagwaye biyu ne su ke gamuwa, ɗaya daga hagu ɗaya daga dama: rabin saƙa, ki kafa fil tsakaninsu, rabin saƙa kuma, su rabu ko wanne ya nufi huda ta gaba. A karkace a ke bin hudojin, ba a miƙe ba. Wanda ya kai baki ya ratsa masu tsaron baki da cikakkiyar saƙa, a murɗa shi sau 2, a kafa fil, ya komo. Kina tafiya kina juya matashi, yadda kullum kwarkwaro suna fuskantarki. Fil ɗin da kika bari a baya ki danna su har kai don kada zare ya sarƙe.

Raga zalla ba ta da daɗin kallo, sai a sa mata ado. Mafi sauƙi shi ne wanda Turawa da kansu su ke kira gizo-gizo. Tun wajen zane ki zaɓi huda 4 masu fuskantar juna, ki bar su, ki sa ɗaya a tsakiyarsu. Tagwaye 2 su shigo daga hagu, 2 daga dama, ki murɗa ko wanne sau 3, su ne ƙafafun. Na hagu su ratsa na dama da cikakkiyar saƙa, ki kafa fil a tsakiya, ki ja su sosai, su sāke ratsa juna, ki murɗa sau 3, su koma raga. Ki jera irinsa 9 ko 10 a tsakiyar baka, sai ka ce Gizo ne da 'ya'yansa suka fito shan iska.

In kika ga kuskure, ki warware. Baya-baya a ke yi, murɗi ya koma, gicciye ya koma, har ki isa wurin. Tsohuwar da ta koya mini ta kan sa yatsa a kan kuskuren da ke layi 10 baya, ba ta cewa uffan, sai ta tafi ta ɗora shayi. In zare ya ƙare ko ya tsinke, kada ki ƙulla a tsakiyar aiki. Ki rataya sabo a fil can baya, ki tafi da shi tare da tsohon har 'yan hudoji, kāna ki ajiye tsohon, ki yanke bayan an gama. Da rana za ki yi, a inuwa mai haske, ba da fitilar ƙwai ba. Rabin sa'a ko sa'a ɗaya ya isa, in ido ya fara yaji ki tashi. Duk sa'ad da za ki tashi ki rufe matashi da ƙyalle, balle da hunturu, ki kuma ɗora shi inda yara da kaji ba su kai. Mai yin sa'a ɗaya kullum za ta gama cikin wata guda ko ɗaya da rabi.

Da kin kai layin ƙarshe, ki ƙulla ko waɗanne tagwaye sau 2 a jikin fil, ki yanke. Kada ki yi garajen cirewa, ki bar shi da fil ɗinsa kwana 2 zare ya saba da zamansa. Sa'an nan ki shafa masa sitaci tsararo da gashin kaza, ya bushe, ki zare fil ɗaya ɗaya.

Wajen ɗorawa, ki buɗe tsinkaye bisa zanenki na takarda, ki daidaita ratarsu, ki kafe su da fil kada su motsa. Ki shafa farin gam kaɗan ƙwarai a jikin ko wane tsinke da tsinken ashana, ki kwantar da saƙar a kai tun daga tsakiya zuwa gefe, ƙulle-ƙullen ƙarshe su ɓuya bisa babban tsinken gefe. Gam in ya yi yawa ya kan ɓullo ta huda ya bushe da ƙyalli, ba ya kuwa fita. Na fari ina ba ki shawara ki bar shi a buɗe, don zaren kwarashi yana da kauri, ba ya son naɗi. In kin kai ga siririn zare kina son mai naɗewa, ga lissafinsa: ki ninka yawan tsinkaye sau 2 ki ɗebe 1. Tsinke 10, kashi 19 ke nan, ɗaya bisa tsinke, ɗaya a sake tsakani. Ki fara karya kwali a kan wannan lissafi, ki sa saƙar a ciki ki danne ta kwana ɗaya kafin ki manna.

Abu ɗaya ya rage. Sitaci abinci ne ga kyankyaso da gara, ba su kuwa san wahalar da kika sha ba. Ki sa maficin cikin firam mai gilashi bisa baƙin ƙyalle ko shuɗi, ki rataya a bangon da rana ba ta bugu, ba kuma na kusa da madafa ba. In cikin akwati za ki ajiye, ki naɗe shi da farin ƙyalle wankakke, kada da jarida, don tawada tana kamawa.

Ke kuma mai takarda, ki karanta wa uwarki da malamarki wannan shafi. In an yi hutu ki aiko mini da ɗamararki ta gwaji a cikin ambulan, tare da sakamakon jarrabawarki, in duba su biyun.